Ɗigon Kore

A Duluth nake, bakin tafkin da ke daskarewa,
ofishina ɗaki biyu ne a saman shagon mai gyaran keke.
Mu bakwai ne a takardar albashi,
amma kujera ɗaya ce ke yin ɗumi da safe.

Muna tattara wa likitocin haƙori kuɗinsu,
aikin da ba sai kowa ya tako ba.
Delphine tana Louisiana, Wendell yana Oregon,
Ignacio Baca kuwa Las Cruces ya koma,
shekara biyu ke nan, da kwamfutar kamfani a jaka.
Na ce masa, je ka abinka, ai waya ba ta san iyaka ba.

Waya ba ta sani ba, masu haraji sun sani.
Wasiƙarsu ta iso a ambulan mai 'yar taga,
wai ina da ma'aikaci a jiharsu ban yi rajista ba.
Na biya tara, na cike fom har biro ya ƙafe,
na koyi cewa kowace jiha da nata hutun rashin lafiya,
da nata lissafin awa, da nata ranar biya.
Ashe wanda ya ɗauki mutum aiki daga nesa
har da jiharsa ya ɗauka a kai, ba gammo.

Sai maganar ɗigo.
Gefen sunan kowa akwai ɗan ɗigo a allo,
kore in yana nan, ruwan toka in ya tashi.
Na zama mai gadin ɗigo, ni Marjorie,
da furfurata, da tabarau a ƙarshen hanci.
Na Ignacio, uku tana bugawa a agogona, biyu a nasa,
sai ya dushe, Litinin, Laraba, Juma'a,
ba ya dawowa har in kulle ƙofa.

Ban tambaya ba. Littafi na buɗe ina rubutawa.
Zato zunubi ne, na sani,
amma da daɗin taunawa in kana zaune kai kaɗai.
Mako shida. Na shirya jawabi na haddace,
na kira shi ta bidiyo ran Laraba,
uku da rabi, da gangan.

Ya ɗauka.
Ba bangon ɗakinsa ba ne a baya.
Wata doguwar kujera, tsoho da bargo a gwiwa,
siraran robobi biyu daga damtsensa
zuwa wata na'ura mai juyi a hankali.
"Babana ne," ya ce ƙasa-ƙasa, "wankin ƙoda.
Awa huɗu. Da dare nake rama aikin,
ai kina ganin takardu kafin ki sha kofi."

Ina gani. Kowace safiya a jere nake tarar da su,
ban taɓa duba ƙarfe nawa aka aiko ba.
Tsohon ya ɗaga mini ɗaya hannun.
Jawabin ya maƙale a wuya kamar ƙayar kifi.
Na ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"
Ya ce, "Ban da lambobi, me kika taɓa tambayata?"

Ƙanƙara na zuba a tagata,
a tasa rana ce tarwai a kan motoci.

Ba zan ce na shiryu ba.
Har yau idona na zamewa wajen ɗigon,
hali zanen dutse.
Sai dai mun rubuta awanninsa yadda suke,
littafin nan kuma na kunna murhu da shi.
Na aika masa busasshen kifin tafkinmu,
ya aiko da jan barkono da ya sa ni hawaye kwana biyu.

Na san lambar harajinsa da ka,
na san sunan magen da ke taka masa madannai.
Tsawonsa ne ban sani ba.
Tun da ya tafi, daga kafaɗa zuwa sama nake ganinsa,
sauran na manta.